Modem yana ɓacewa duk lokacin da aka kwantar da shi ko aka tashe shi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa wata 'yar na'ura da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da modem Quectel EC25 (na'urar da ke haɗa ta da intanet ta layin SIM) da ke kan ƙaramin allo mai shiga ramin USB. Tana can gona, tana turo mini yawan ruwan da ke tanki da halin da famfo yake ciki. Don rage cin batir, da dare nakan kashe rediyon modem ɗin da umarnin AT+CFUN=0, da asuba in tashe shi da AT+CFUN=1. To wasu ranakun, da na tashe shi sai /dev/ttyUSB2, ƙofar da manhajata ke magana da modem ta cikinta, ya ɓace, ya dawo da wata lamba, manhajata ta tsaya cak, sai na tura yaro ya zare fulogi ya mayar. Haka yake yi in aka ɗauke wuta na'urar ta koma kan inbata. Laftof ɗina mai Linux ma, wanda modem ke cikinsa, in na rufe murfi na buɗe sai intanet ta ƙi dawowa. Modem ɗin ne ya lalace, ko na jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kar ka yi saurin zargin mai shago. Da wuya a ce modem ɗin ne ya lalace. Abin da ka kwatanta cuta uku ce da suka yi kama a fuska, kuma kowace da maganinta. Amma kafin mu rarrabe su, akwai abin da nake so ya zauna maka a rai, domin shi ne zai canza yadda za ka rubuta manhajarka.

EC25 ba kamar kebul ba ne da za ka jona ka manta. Kwamfuta ce cikakkiya a cikin gwangwani, da kwakwalwar Qualcomm, har ma da nata Linux ɗin a ciki. Tana ɗaukar sakan goma sha wani abu kafin ta gama tashi, tana da nata barci da farkawa, kuma tana iya sake tashi daga farko ba tare da ta yi shawara da Pi ɗinka ba. Wato kwamfuta biyu gare ka da ke magana ta igiyar USB. Duk manhajar da aka rubuta bisa zaton cewa ta biyun tana nan kullum, to ranar nadama kawai ake jira. Saboda haka aiki biyu ne a gabanka: ka kawar da sake tashin da bai kamata ya faru ba, sannan ka koya wa manhajarka zama da wanda ba makawa sai ya faru.

Fara da gani da idonka. Buɗe tagar umarni ɗaya ka bar dmesg -w, mai nuna saƙonnin Linux game da na'urorin da aka jona, yana gudana, a wata tagar kuma ka aika umarnin da ke jawo matsalar. In ka ga layin da ke cewa USB disconnect, bayan 'yan sakanni kuma aka ce new high-speed USB device, direban option ya sake jera ttyUSB ɗinsa, to modem ɗin ya mutu ya taso ne gaba ɗaya. In ba ka ga komai a dmesg ba amma intanet ta tsaya, modem yana raye, haɗin data ne kawai ya katse, wannan kuma mai sauƙi ne. In kuwa ya ɓace bai dawo ba, lsusb, mai jera na'urorin USB, ma bai nuna lambar shaidarsa 2c7c:0125 ba, to ko dai ya kashe kansa yana jiran a danna masa PWRKEY, ƙafarsa ta kunnawa, ko ramin USB ɗin ne ya rufe masa ƙofa.

Sannan ka duba agogo, don lokacin ɓacewar shi ne babban mai ba da shaida. In ya ɓace nan take da ka aika umarni, kuma kullum haka yake yi, to manhajar cikinsa ce ta zaɓi sake tashi. In kuwa ya amsa OK lafiya lau, ya yi sakan uku, biyar, goma, sannan ya faɗi, kuma yau ya yi gobe bai yi ba, to ina iya bugun ƙirji in ce maka wuta ce. Kalmarka ta "wasu ranakun" ita ta fi ɗaukar hankalina a duk tambayar. Kuskuren manhaja yakan maimaita kansa ba fashi. Abin da ke zuwa yau ya tsallake gobe, galibi yana bin batir ne, ko zafi, ko ƙarfin sabis.

Wutar nan ita ce cuta ta farko. Bari in daɗe a nan kaɗan, domin a nan mafi yawan mutane ke ɓata makonni suna gyaran abin da lafiyarsa lau.

Lokacin da ka ce CFUN=1, modem yana kunna rediyo, ya laluba turakun sabis, wato dogayen ƙarafan kamfanonin waya, ya fara yi musu magana. A 4G ƙarfin da yake fitarwa bai wuce dBm 23 ba, wato miliwat 200, kuma jan wutarsa a shimfiɗe yake. Amma in 4G ya yi rauni a gonar ya gangara 2G, labari ya sha bamban. A GSM 900, wato 2G, na'ura tana iya harba wat 2, kuma ba a shimfiɗe take yi ba: tana harbawa na mikrosakan 577, ta yi shiru, ta sake, duk bayan milisakan 4.615, wato kusan sau 217 a sakan ɗaya. Wannan shi ne ƙaran "dit-dit-dit" da muke ji a rediyo ko lasifikar masallaci in kira zai shigo wayar da ke kusa. A cikin kowace harbawa jan wutar yana iya kaiwa amp 2. Yanzu kwatanta da abin da ake ba shi: ƙa'idar USB 2.0 miliamp 500 ta yi alkawari, USB 3.0 kuma 900, sannan duk ramukan USB huɗu na Pi 4 a haɗe amp 1.2 suke rabawa. Ga kebul a tsakani. Siririn kebul ɗin caji na kasuwa, da bakinsa da ya ɗan saki, ba abin mamaki ba ne ya kai om 0.3. Amp 2 a kan om 0.3 ya ci bolt 0.6 tun wutar ba ta iso allo ba. EC25 kansa tsakanin bolt 3.3 da 4.3 yake rayuwa, nau'insa na mini PCIe kuma tsakanin 3.0 da 3.6. Da wutar ta nutse ƙasa da haka na ƙiftawar ido, ya tafi.

Abin haushin shi ne mitar hannu ba ta ganin wannan. Za ka ɗora ta ta nuna maka 5.0 cif, ka rantse wuta lafiya take. Mita tana ɗaukar matsakaici ne sau biyu ko uku a sakan, ramin da ke kashe modem kuwa bai kai milisakan ɗaya ba. Sai osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, ke kama shi. In ba ka da shi, Pi ɗin zai ɗan taimaka: vcgencmd get_throttled in ya ba ka 0x50000 ko 0x50005, to wutar Pi ɗin kanta ta taɓa sauka ƙasa da kusan bolt 4.63 tun da aka kunna shi. Amma in ya ba ka 0x0 bai wanke wutar modem ba, domin shi nasa ɓangaren kawai yake aunawa.

Ni ma na sha wannan. Akwai wata na'ura da na taɓa kafawa a wata rijiyar burtsatse. A kan teburina ta yi mako biyu ba ta ko yi tari ba, da aka kai ta ƙauyen sai ta riƙa mutuwa kusan kowace asuba. Na sake rubuta manhajar sau biyu, na canza SIM, na zagi kamfanin da ya ƙera modem a zuciyata. Ashe a gari tana kan 4G kusa da turke, tana magana cikin raɗa. A ƙauye kuwa 2G take kamawa daga nesa, sai ta ɗaga murya iya ƙarfinta, kuma da asuba ne batirin sola ya fi yin ƙasa bayan ya kwana yana aiki. Kebul mai tsawon hannu guda da na canza da gajere mai kauri, da wuta ta daban da na ja wa modem, su suka kashe maganar. Ka lura kai ma da asuba kake tashin naka.

Gyaran da nake ba da shawara: kar modem ya sha wuta ta cikin Pi. Ka ba shi nasa mai rage wuta, irin su LM2596 ko wanda ya fi shi, mai iya amp 3, kai tsaye daga batirin bolt 12, ko kuma ka sa hub ɗin USB mai wutarsa. Wayoyin wuta su zama gajeru masu kauri, wayar ƙasa (GND) ta zama ɗaya tsakanin Pi da modem. Ka sa kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta, mai ƙaramin ESR (ƙarancin turjiya a cikinsa) dab da ƙafafun wutar modem, mikrofarad 470 zuwa 1000, tare da ƙananan na seramik a gefensa. Amma kar ka ɗauka kafasita laya ce. Lissafa da kanka: amp 2 na mikrosakan 577 daga mikrofarad 1000 kaɗai zai sauke wutar da bolt 1.15. Wato kafasita ɗan taimako yake yi wa mai ba da wuta mai ƙarfi, ba ya maye gurbinsa.

Batun inbata kuma, wannan lissafin ne dai ke amsa shi. Yawancin inbatocin gida suna ɗaukar milisakan goma zuwa ashirin kafin su karɓi aiki in an ɗauke wuta. Don ka riƙe amp 1 na milisakan 20 ba tare da wuta ta sauka fiye da rabin bolt ba, mikrofarad 40,000 kake buƙata. Cajar waya ba ta da ko kusa da haka. Kuma in ka tsaya ka duba, hanyar ma doguwa ce ba dalili: bolt 12 na batir a ɗaga shi zuwa 230, caja ta sake sauke shi zuwa 5. Ka ja na'urar daga batirin kai tsaye, da fis a tsakani, sai a ɗauke wuta a kawo sau goma ba ta ma sani ba.

In bayan haka kana so ka tabbatar 2G ne mai laifi, ka ɗaure modem a 4G kaɗai na 'yan kwanaki da AT+QCFG="nwscanmode",3. In faɗuwar ta tsaya, ka gano. Gwaji ne fa, ba gyara ba. A wurin da 4G ke zuwa yana tafiya, 2G ɗin ne zai cece ka wata rana, don haka ka mayar da shi 0 bayan ka gyara wutar. Eriya mai kyau a wajen akwati ma tana rage jan wuta, domin turke ne ke gaya wa modem ya rage murya in yana jin sa da kyau. Akwatin ƙarfe a rana a watan Afrilu kuwa, ka riƙa tambayar AT+QTEMP kana ajiye amsar.

Cuta ta biyu ita ce sake tashin da umarni ke jawowa. AT+CFUN yana cikin ƙa'idar 3GPP TS 27.007, kuma lambobinsa ba ɗaya ba ne. 1 cikakken aiki ne. 4 yana kashe rediyo kawai, irin yanayin jirgin sama na waya, SIM yana nan a kunne. 0 kuwa yana sauka ƙasa sosai, a EC25 har SIM ɗin yake kashewa, shi ya sa in ka dawo daga 0 dole ka jira +CPIN: READY, in kuma SIM ɗin yana da PIN sai an sake saka shi. Akwai kuma lamba ta biyu: AT+CFUN=1,1 na nufin "sake tashi tukuna", kuma dole modem ya ɓace daga USB. Ka binciki manhajarka da duk wani rubutun da ka kwafo daga intanet, sau da yawa wannan waƙafi da ɗayan suna ɓoye a ciki. Masu amfani da QMI, wata hanyar sarrafa modem ban da AT, su ma suna da irin wannan tarko: a qmicli, yanayin low-power ana dawowa daga gare shi da online, amma offline ba ya fita sai da reset. Sannan ƙa'ida daban, abin da kowane kamfani ya rubuta a cikin modem ɗinsa daban. Akwai modem ɗin da ke sake tashi a sauyin da wani ke yi shiru. A naka wurin zan ce ka koma CFUN=4. Bambancin cin wutarsu kaɗan ne, kuma ya fi sauƙin dawowa.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa kake tura yaro. Ka san abin da ya sa ttyUSB2 ke dawowa da wata lamba? Manhajarka ce ta riƙe tsohon. Muddin akwai wanda bai rufe fayil ɗin ba, Linux ba zai saki lambar ba, sai ya ba sabon zuwa lambar da ke gaba. Manhajar tana nan tana magana da gawa, modem mai rai yana ƙofar gaba ba wanda ya kula shi. Don haka da zarar karatu ko rubutu ya dawo da kuskure, ko aka ce an katse, ka rufe fayil ɗin nan take, kar ka sake gwadawa a kansa. Kuma ka daina kiran sa da lamba kwata-kwata. EC25 yana fito da ƙofofi huɗu: ta farko ta binciken masu ƙera shi, ta biyu ta GPS, ta uku ta umarnin AT, ta huɗu ta PPP, tsohuwar hanyar buɗe data. Ka nemi ta ukun a /dev/serial/by-id/, inda sunan ke ƙarewa da if02-port0, ko ka rubuta dokar udev, mai raɗa wa na'urori suna a Linux, da ke duba 2c7c da 0125 da lambar ƙofa 02 ta ba ta suna tsayayye, misali /dev/modem-at.

Bayyanar ƙofa ba ita ce shiri ba. Kar ka rubuta sleep 10 ka ce ka gama. Ranar da ya ɗauki 14 fa? Ka riƙa aika AT duk bayan sakan ɗaya har ya ce OK. Sai AT+CPIN? har ya ce READY. Sai AT+CEREG? da AT+CGREG? har ka ga 1, ko 5 in kana yawo a sabis ɗin wani. 2 na nufin yana nema, ka ƙyale shi. 3 na nufin an hana shi, kuma sake tashi ba ya maganin wannan, je ka duba ko layin yana da data ko an rufe shi. Sai bayan nan ka buɗe data. Kowane mataki da iyakar lokacinsa. Ka kuma ɗauka cewa modem da ya sake tashi ya manta komai: ATE0, AT+CMEE, saƙonnin da ka ce ya riƙa turo maka, duk ka sake faɗa masa. Modem ɗin kansa yakan yi shela da RDY in ya tashi. In ka ga RDY a tsakiyar hira ba ka nema ba, ka san abin da ya faru, ka koma matakin farko. Hattara da PIN: in manhaja tana saka wanda ba daidai ba a kowane tashi, sau uku kawai ya isa SIM ya nemi PUK. A na'urar da ke daji ni cire PIN ɗin nake yi.

Akwai wani ƙaramin abu da ya taɓa cinye mini yini guda. In kana amfani da direban qmi_wwan da hannunka, EC25 yana buƙatar /sys/class/net/wwan0/qmi/raw_ip ya zama Y. Da modem ya ɓace ya dawo, wwan0 sabo ne, saitin ya koma N. Za ka ga an haɗu, har adireshin IP ya fito, amma ko ƙwayar data ba ta wucewa.

Gaskiya, in ba wani dalili mai ƙarfi gare ka ba, ka bar wa manhajojin Linux ModemManager da NetworkManager wannan wahalar, don ita aka rubuta su. Sai dai ka san halinsu. Duk dawowa, ModemManager yana ba modem sabuwar lamba, 0 ya zama 1, 1 ya zama 2, saboda haka rubutun da ya kafe a kan umarninsa mmcli -m 0 zai mutu a faɗuwar farko. Ka yi amfani da mmcli -m any ko ka karanto lambar daga mmcli -L. NetworkManager kuma sau huɗu yake gwada haɗawa a jere kafin ya ja da baya, sai ka mayar da connection.autoconnect-retries zuwa 0 don ya yi ta gwadawa. In PPP kake yi, persist da maxfail 0 da holdoff da lcp-echo-interval su ne abokanka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne jirgi ɗaya matuƙa biyu: ModemManager yana riƙe da modem, kai kuma kana cusa CFUN ta bayan gida a ttyUSB2. Shi yana zaton rediyo a kunne yake, kai ka kashe. Ko ya sake kunna shi, ko amsoshinku su cakuɗe. Ka zaɓi ɗaya. In shi ne, to ka ce mmcli -m any --disable sannan --set-power-state-low, da asuba kuma --enable.

In abu ya ƙi, a bi shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A fara da sake buɗe data. In ya ƙi, CFUN=4 sannan CFUN=1. In ya ƙi, CFUN=1,1. In ma ba ya amsa AT, sai a koma ƙafafunsa: RESET_N, ko PWRKEY, wanda a EC25 ake ja ƙasa aƙalla milisakan 500 don kunnawa, 650 don kashewa, ana kallon ƙafar STATUS don a san gaskiyar halin da yake ciki. Yanke wuta shi ne na ƙarshe. Kuma in yana amsawa, ka ce masa AT+QPOWD=1 ka jira POWERED DOWN kafin ka yanke, domin yana iya kasancewa yana rubutu a ma'ajiyarsa; yawan fizge masa wuta shi ne hanyar da modem mai lafiya ke zama wanda ya lalace da gaske. Zare fulogin da yaron nan ke yi yana cikin wannan, kuma katin ajiyar Pi ɗin ma ba ya son haka.

Abu biyu game da yanke wutar. Cire direba a mayar, ko rubuta 0 a fayil ɗin authorized, ba sa yanke wutar USB, modem bai ma san an yi ba. uhubctl yana yankewa, amma a Pi 4 duk ramukan tare suke mutuwa. Tunda za ka ba modem wutarsa daban, sa MOSFET, wato makunnin lantarki, ko ka yi amfani da ƙafar kunnawa ta mai rage wutar, Pi ya riƙe ta da ƙafarsa ta GPIO ɗaya. In kuma akwai wayoyin magana na UART tsakanin Pi da modem, ka saukar da su kafin ka yanke, in ba haka ba wuta na iya silalowa ta cikinsu ta bar modem rabi a mace rabi a raye.

Babban kuskuren da nake gani a wurin masu hazaƙa shi ne rashin haƙuri. Mutum ya rubuta mai gadi da ke sake tayar da modem in minti ɗaya ya wuce babu intanet. Modem yana tsakiyar laluben sabis, wanda a wuri mai nisa zai iya ɗaukar mintuna, sai a buge shi ya koma farko, a yi ta zagaye har batir ya ƙare. Ita ma hanyar sadarwar tana da nata ƙa'idar: in na'ura ta yi yunƙurin rajista sau biyar ba nasara, agogon T3402 yana sa ta jira minti 12 kafin ta sake. Wanda bai san wannan ba zai ce modem ya sandare. Ƙungiyar kamfanonin waya ta GSMA ma ta fitar da takarda, TS.34, musamman don na'urorin da ke damun turaku da yawan ƙwanƙwasa ƙofa. Ka ba kowane mataki aƙalla minti uku zuwa biyar, in zagaye ya ƙare ba nasara ka ninka jiran: minti 5, 10, 20, har awa guda. Ka ajiye ƙidayar a fayil don kar sake tashin Pi ya goge ta. Bayanan tankin kuma a fara rubuta su a gida, a tura in hanya ta buɗe. Bayan kowace dawowa adireshin IP ya canza, tsohon haɗin TCP ya mutu, kuma Linux in an bar shi da saitinsa sai bayan awa biyu zai fara tambayar ko ɗaya ɓangaren yana nan, shi ma sai in manhajar ta nemi hakan. Ka rufe ka buɗe sabo da kanka. In da MQTT kake tura bayanan, sa keepalive na sakan 60 zuwa 120.

Laftof ɗin ba zan ja shi da tsawo ba. Pi ba ya barci irin na laftof, don haka wannan cuta ce ta uku. In ka rufe murfi, wasu injinan suna yanke wa ramin modem wuta, wasu suna bari. ModemManager yana jin sanarwar barci daga logind, mai kula da barcin laftof a Linux, ya saki modem, in an farka ya sake bincikensa. In modem bai gama tashi ba a lokacin, ko USB ta dawo a karkace, sai a rasa juna. Duba cat /sys/power/mem_sleep. In akwai s2idle da deep duka, gwada wanda ba a kai ba, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Hana USB kwantar da modem da kanta ta hanyar rubuta on a power/control na na'urar, ka kuma duba ko manhajojin tsimin batir, TLP ko powertop, ne ke mayar da shi auto. In yana dawowa amma ba ya magana, usbcore.quirks da lambobin na'urarka da harafin b yana sa kanel, wato zuciyar Linux, ya sake saita shi a kowace farkawa. In duk sun ƙi, ɗan rubutu a /usr/lib/systemd/system-sleep/ da ke sake kunna ModemManager bayan farkawa ba abin kunya ba ne. Akwai kuma makullin FCC (hukumar sadarwa ta Amurka) da ke cikin modem ɗin laftof da yawa: rediyo ba ya kunnuwa sai an buɗe shi, kuma sai an sake buɗewa duk lokacin da modem ya rasa wuta. Tun daga ModemManager 1.18.4 ba a buɗewa kai tsaye, sai ka haɗa fayil ɗin na'urarka daga fcc-unlock.available.d zuwa /etc/ModemManager/fcc-unlock.d. Don ka san ba kai kaɗai ba ne: wayar PinePhone tana ɗauke da EG25-G, ɗan'uwan naka modem ɗin, kuma sai da aka rubuta mata manhaja sukutum, eg25-manager, wadda aikinta kunna shi, kwantar da shi, da dawo da shi in ya ɓace.

Saura tambayar da ba ka yi ba: kashewar daren ma tana da riba? Pi 4 a zaune ba ya komai yana cin kusan wat 3. EC25 da ya yi rajista yana zaune, miliamp 'yan gomomi yake ja, in ya shiga barcin AT+QSCLK=1 kuma 'yan ƙwarori. Wato kana korar ɓera ne ka bar giwa a rumbu, sannan kowace asuba kana sa modem ya yi aikin da ya fi kowane jan wuta, a lokacin da batir ya fi rauni. Ni da zan bar shi a kunne. In batir ne damuwar, Pi ɗin za a kashe da agogo na waje, ko a koma ƙaramin allo irin ESP32 da modem mai PSM, wato dogon barcin tsimin wuta, in sabis ɗin wurin ya yarda da shi. Ka dai sani barcin QSCLK ta USB yana buƙatar Pi ya kwantar da layin USB ɗin, wato abin da na ce ka hana a laftof. Ba za ka samu duka biyun ba, kuma a na'urar da ke nesa ni tsayuwa da ƙafa na fi so a kan 'yan miliamp.

Kafin ka mayar da ita gona, ka gwada ta a kan tebur da mugunta. Rubuta ɗan zagaye da zai yi CFUN=4, jira, CFUN=1, jira rajista, ya tura saƙo ɗaya, sau 100, yana ƙirga sau nawa USB disconnect ya fito. Yi shi da eriyar a cikin tukunyar ƙarfe da murfi a ɗan buɗe don sabis ya yi rauni, ba tare da ka cire eriyar ba, kuma da batirin da ya kwana ba caji. Sannan ka zare kebul ɗin modem da hannunka a tsakiyar aiki ka mayar, sau goma, ka ga ko manhajar za ta dawo ba tare da ka taɓa komai ba. In ta faɗi a gwajin farko, koma kan wuta. In a na biyu ne, koma kan manhaja. In ka maƙale, turo mini layuka talatin na dmesg daga daidai lokacin faɗuwar, da amsar ATI da AT+QNWINFO, da hoton yadda ka ja wayoyin wutar.